Babbar Manhajar Uwar Garke: Bayani da Kwatanci Domin Ofisoshin Ƙananan Hukumomin Kebbe da Tambuwal

Gabatarwa

Ayyuka da dama da a da ake gudanar da su da biro da takarda a sakatariyar ƙaramar hukuma, kamar jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, rajistar harajin kasuwa, bayanan filaye da rahoton wata-wata na asibitocin karkara, a yau sun koma ko suna kan hanyar komawa cikin kwamfuta. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara jawo hankali ga yadda kowace ƙaramar hukuma ke tsare lissafinta. Idan waɗannan bayanai suka salwanta, malamin firamare a Kuchi na iya rasa albashinsa, ɗan fansho a Dogon Daji kuma ya rasa shaidar shekarun da ya yi yana aiki. Saboda haka ne muka shirya wannan bayani, domin shugabanni, daraktoci, ma'aji da sauran jama'a su san abin da ake nufi idan ɗan kwangila ya kawo maganar sayen uwar garke, su kuma san tambayoyin da ya kamata su yi masa.

Ma'anar uwar garke da babbar manhaja

Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, kwamfuta ce da aka keɓe domin yi wa sauran kwamfutoci hidima. A cikinta ake tara bayanai, daga cikinta kuma kowane ofishi ke ɗibar abin da aka ba shi izinin gani, tamkar rumbun gandu da dukan gida ke ci daga gare shi. Da yawanmu muna mu'amala da ita ba tare da mun sani ba. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tambayoyinsa suna fitowa ne daga uwar garken cibiyar jarrabawar. Haka nan mai cirar kuɗi a wurin mai POS, buƙatarsa tana zuwa ne ga uwar garken banki.

Babbar manhaja kuwa ita ce ginshiƙin da ke tafiyar da kwamfutar. Ita ke tantance wanda zai shiga, ita ke raba aiki tsakanin ƙananan manhajoji, ita kuma ke kula da faifan ajiya. Iri uku ne suka fi shahara a kan uwar garke.

1. Windows Server. Mallakar kamfanin Microsoft ne na ƙasar Amurka, kuma asalinsa daga Windows NT ne na shekarar 1993. Ana sayen lasisinsa da kuɗi. Bugun Windows Server 2025 ya fito a watan Nuwamban 2024.

2. Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na da damar saukewa, dubawa da gyara ta. Tana da rassa da yawa, daga ciki akwai Debian na 1993, Ubuntu na 2004 wanda kamfanin Canonical ke kula da shi, da Red Hat Enterprise Linux wanda ake biyan kuɗin kulawarsa shekara-shekara.

3. Dangin BSD. Sun samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, kuma mafi shahara a cikinsu su ne FreeBSD da OpenBSD. Su ma kyauta ne. An fi amfani da su wajen gina katangar tsaro da manyan ma'adanai.

Tsaro

Sau da yawa akan ji ana cewa Linux ba ya kamuwa da cuta, ko kuma manhajar da aka saya da tsada ta fi tsaro. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

A watan Mayun 2017, ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci masu Windows a ƙasashe sama da 150, ta kuma nemi kuɗin fansa kafin a buɗe su. Asibitoci da dama a Ingila sun dakatar da ganin marasa lafiya a dalilin haka. Abin lura a nan shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda suka yi sakacin sanya shi ne abin ya fi shafa. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilun 2014 an gano kafar da aka laƙaba wa Heartbleed a cikin OpenSSL, wata manhajar sirranta bayanai da dubban uwayen garke masu Linux ke dogaro da ita. A watan Maris na 2024 kuma aka bankaɗo wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka cusa da gangan a cikin manhajar XZ, kafin ta kai ga yaɗuwa a manyan rassan Linux. Wato kowace manhaja tana da nata rauni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka akwai bambanci. Windows ne mafi yawa a kan teburan ofisoshi, don haka mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke yawo a cikin filashin da ma'aikata ke sokawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, dominsa aka ƙirƙire su, kuma galibinsu ba sa aiki a kan Linux ko BSD. Bugu da ƙari, akan girka Linux a uwar garke ba tare da tagogi da hotuna ba, abin da ke rage yawan ƙofofin da 'yan dandatsa za su gwada. Shi ma Windows Server yana da irin wannan siga mara tagogi, yana kuma zuwa da makarinsa na Defender da tsarin kulle faifai na BitLocker. Microsoft kan fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, rassan Linux kuwa sukan fitar da nasu da zarar ya kammala.

Babban haɗarin da muke son jawo hankali a kansa shi ne kwafin jabu. Windows Server ɗin da aka girka daga faifan bayan fage yakan zo da ɓoyayyiyar cuta, kuma babu wanda zai ɗauki alhakinsa. Haka kuma ya kamata a sani cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, tare da sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

Ƙarfin aiki

A manyan ayyuka, Linux ne a gaba. Tun daga watan Nuwamban 2017, dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Kamfanin Netflix kuma da FreeBSD yake isar da finafinansa ga masu kallo. Sai dai ga ofishi mai kwamfuta goma ko ashirin, kowanne daga cikin ukun zai ɗauki nauyin aikin ba tare da gajiya ba. Inda bambancin ke fitowa shi ne a kan ƙaramar na'ura ko tsohuwa: Linux da BSD marasa tagogi suna wadatuwa da ƙaramar ma'adanar wucin-gadi, suna kuma barin sauran ƙarfin ga ainihin aikin, alhali Windows mai tagogi yana buƙatar na'ura mai ɗan ƙwari. Ga ofishin da ke dogaro da sola da batir, ƙaramar na'ura mai cin wuta kaɗan ba ƙaramar riba ba ce.

Kulawa da wa'adin aiki

Kowane bugu na babbar manhaja yana da ranar da masu shi za su daina fitar masa da facin tsaro. Daga wannan rana, duk kafar da aka gano za ta zauna a buɗe. Wannan shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi, don haka ga wa'adodin:

Windows Server yana samun kulawar kimanin shekara goma. An daina kula da bugun 2003 a Yulin 2015, bugun 2008 a Janairun 2020, bugun 2012 kuma a Oktoban 2023. Wa'adin bugun 2016 shi ne Janairun 2027, na 2019 Janairun 2029, na 2022 kuma Oktoban 2031.

Ubuntu yana fitar da bugu mai dogon wa'adi a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, misali 24.04 na 2024. Ana kula da shi shekara biyar kyauta, ana kuma iya tsawaitawa zuwa goma ta hanyar tsarin Ubuntu Pro.

Debian yana samun kimanin shekara biyar daga hannun masu aikin sa-kai. Bugu na 13 ya fito a Agustan 2025.

Red Hat yana ba da shekara goma ga masu biyan kuɗi. CentOS, wanda ya daɗe yana zama kwafinsa na kyauta, an daina kula da bugunsa na 7 a ƙarshen Yunin 2024. Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda suka fito a 2021, su ne suka maye gurbinsa.

Ta fuskar kuɗi, lasisin Windows Server ana lissafa shi ne bisa yawan ƙwayoyin masarrafar na'urar, mafi ƙaranci guda 16 a kowace uwar garke, sannan a sayi lasisin shiga daban ga kowane ma'aikaci ko kowace kwamfutar da za ta haɗu da ita. Farashin yana bin dala, kuma tun bayan sakin darajar naira a Yunin 2023 wannan nauyi ya ƙaru ainun. Linux ba ya buƙatar lasisi, amma kuɗin da aka rage a nan ya kamata a kashe shi wajen horar da ma'aikaci, domin araha ba ta ado idan babu mai gyara.

Sauƙin amfani

A nan Windows Server ya yi fice. Duk ma'aikacin da ya saba da kwamfutar ofis zai ga tagogi da maɓallan da ya sani. Haka kuma tsarinsa na Active Directory, wanda ya zo tun bugun 2000, yana bai wa jami'i ɗaya damar buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, rufe na wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da hana wani sashe leƙa bayanan wani, duk daga kujera ɗaya.

Linux da BSD an fi tafiyar da su ta hanyar rubuta umarni, abin da ke buƙatar koyo na watanni. Amma wanda ya ƙware yana iya gyara uwar garken da ke Kebbe daga Sakkwato ko da layin intanet mai rauni ne, domin rubutu ba ya cin data kamar hoto. Har ila yau, manhajar Samba tana ba Linux damar raba fayiloli ga kwamfutoci masu Windows, don haka ba dole ba ne a sauya kwamfutocin ma'aikata. Masu gyaran Windows sun fi yawa a garuruwanmu. Masana Linux an fi samun su a birnin Sakkwato, musamman cikin waɗanda suka karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Masana BSD kuwa ƙalilan ne ƙwarai.

Yanayin yankinmu

Akwai abubuwan da suka fi zaɓin manhaja muhimmanci a kudancin jihar. Na farko shi ne wuta. Ɗaukewar lantarki ba zato yana lalata bayanai a kan kowace irin manhaja, don haka inbata da batir wajibi ne kafin a kunna uwar garke. Na biyu shi ne zafi da ƙura. Ana son ɗakin uwar garke ya kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin salshiyos, alhali zafin bazara a jiharmu yakan haura 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar na'ura. Na uku shi ne sadarwa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Darasin da ke ciki shi ne, ofishin da ya ajiye dukan bayanansa a wata cibiya mai nisa, kamar ta Galaxy Backbone da ke Abuja, yana bukatar kwafi a gida da zai ci gaba da aiki da shi, wanda ya ajiye komai a gida kuma yana bukatar kwafi a nesa saboda gobara ko sata.

Shawarwari ga masu yanke hukunci

1. A fara da tambayar wace manhajar aiki za a ɗora. Idan manhajar albashi ko ta lissafi a kan Windows kaɗai take aiki, to zaɓi ya ƙare. Idan kuwa irin DHIS2 ce, wadda ake tattara bayanan lafiya da ita a Najeriya, masu ita a Jami'ar Oslo sun fi ba da shawarar Ubuntu.

2. A tambayi ɗan kwangila sunan bugun da ranar ƙarewar wa'adinsa, a kuma rubuta su cikin takardar kwangila. Kada a karɓi bugun da wa'adinsa ya wuce.

3. A karɓi shaidar lasisi da sunan ƙaramar hukuma.

4. Kada kalmar sirrin babban mai kula ta zauna a hannun mutum ɗaya ko ɗan kwangila. A ajiye kwafinta a rufaffen ambulan a akwatin ma'aji, a kuma sauya ta duk lokacin da jami'i ya bar aiki.

5. A riƙe kwafi uku na bayanai, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A riƙa gwada dawo da su lokaci-lokaci domin a tabbatar suna aiki.

6. A horar da ma'aikata aƙalla biyu 'yan asalin yankin.

Kammalawa

A taƙaice, Windows Server ya fi dacewa da ofishi mai ma'aikata da yawa, mai manhajojin Microsoft, wanda kuma zai iya biyan lasisi na halal. Ubuntu ko Debian sun fi dacewa da ajiyar fayiloli, rumbun bayanai da gidan yanar sadarwa, muddin akwai wanda ya iya su. BSD kuwa a bar shi ga katangar tsaro a hannun ƙwararre. Kowanne aka zaɓa, a ware masa kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara, a kuma naɗa jami'in da za a tambaya idan an yi sakaci, domin bayanan da ke ciki amanar jama'ar Kebbe da Tambuwal ce.