Agogon Da Ke Cikin Ƙura

A watan Mayun 1992 Koriya ta Arewa ta miƙa wa hukumar IAEA, mai sa ido kan harkokin nukiliya a duniya, jerin abin da ta mallaka. A ciki ta ce sau ɗaya tak ta taɓa tace sinadarin fulutoniyam, a 1990, a cibiyarta ta Yongbyon, kuma abin da ta samu bai kai giram 100 ba. A ma'aunin hukumar kuwa, sai an tara kilo 8 ake maganar bam ɗaya.

Sufetoci suka je, suka goge kayan aikin tacewar da 'yan ƙyallaye, suka ɗebi samfurin shara, aka kai ɗakin gwaji.

Ga inda gizo ke saƙar. Akwai wani nau'in fulutoniyam mai lamba 241 da ke rikiɗewa a hankali ya koma wani sinadari, amerisiyam. Duk bayan kimanin shekara 14 rabinsa ya juye. Ranar da aka tace fulutoniyam ana wanke amerisiyam ɗin da ke ciki, daga nan ya fara taruwa sabo. Ashe ke nan idan muka auna yawansa a ƙwayar ƙura, mun san shekarar da aka yi tacewar. Mu masu rubuta manhaja mun saba da kwanan watan da kwamfuta ke liƙa wa fayil, sai dai namu ana iya sauya shi cikin daƙiƙa, wannan kuwa babu mai taɓa shi. Ƙurar ta nuna an yi aikin a 1989 da 1990 da 1991.

To ina sauran? A Fabrairun 1993 shugaban hukumar, Hans Blix, ya nemi a bar su su binciki wurare biyu da hotunan tauraron ɗan'adam na Amurka suka nuna kamar rumbunan sharar nukiliya ne. Koriya ta Arewa ta ce wuraren soja ne, ba shiga. Ranar 12 ga Maris ta sanar za ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, kodayake ta jingine matakin a watan Yuni.

Hujja ɗaya ta rage, mai ƙarfi kuwa: sandunan makamashi kusan 8,000 da ke cikin tukunyar nukiliyar Yongbyon. Da an auna su gwargwadon gurbin da kowanne yake, da an lissafa fulutoniyam nawa tukunyar ta taɓa samarwa. A Mayun 1994 aka kwashe su cikin gaggawa, aka cakuɗa su, ba a bar sufetoci sun ware ko ɗaya ba.