Hannun Wa Ya Gina Tukunyar? Mata da Maza a Binciken Kufai

A ƙasar Arewa, daga Tibiri zuwa Dogondutsi, rabon sana'o'i sananne ne: ƙira ta maza ce, kaɗin auduga na mata, ginin tukwane kuwa galibi a hannun mata yake. Saboda haka idan manomi ya tono tsingaro ko gululun mazari a wani kufai na Dallol Mauri, nan take sai a ce aikin mace ne, kan mashi kuma na namiji. Masana binciken kufai su ma sun daɗe suna yin irin wannan hukunci, alhali tsingaro ba ya ɗauke da sunan wanda ya gina tukunyar.

A shekarar 1984 ne wasu masana biyu mata na Amurka, Margaret Conkey da Janet Spector, suka nuna cewa masu bincike kan ɗauki tsarin zaman gidajensu su ɗora wa mutanen dauri. Hujjoji sun biyo baya. A Birka ta ƙasar Suwidin, wani kabari da aka tona a 1878, mai takobi da kibau da dawakai biyu, an shafe fiye da ƙarni ana kiransa na jarumi. Gwajin ƙwayoyin gado na 2017 ya nuna mace ce. A yankin Chaco na Amurka kuwa, nazarin shatin yatsu a jikin tukwane da aka wallafa a 2019 ya nuna maza da mata duka sun yi gini.

Nijar na da nata darasin. A Bura, yankin Tera, inda Bube Gado na cibiyar IRSH ya yi tono a 1983, an fito da ɗaruruwan tulunan binne gawa da mutum-mutumin yumɓu, har da shahararren mahayin doki. An san wanda aka siffanta, amma ƙasar da aka tona ba ta faɗi jinsin mai siffantawar ba. Ko a yau al'adar Hausawa ba bakinta ɗaya ba: a wasu garuruwan ƙasar Kano maza ne magina tukwane, saƙa kuma maza da mata kowa da irin masaƙarsa. Abin da ke bambanta tsakanin gari da gari a zamani guda, ta yaya za a tabbatar bai sauya ba cikin shekara dubu?

Ƙira ma tana buƙatar lura. Nicole Echard, wadda ta zauna da maƙeran Adar, ta nuna a fim ɗinta "Noces de feu" na 1968 yadda suke kamanta narkar da tama da aure da haihuwa. Maza ne ke tsaye a bakin wuta, amma aikin ya ƙunshi haƙar tama, ƙona gawayi, kwaɓa yumɓu, ɗebo ruwa da ciyar da ma'aikata, kuma a wurare da dama na Afirka mata sun ɗauki kaso daga ciki. Kashin maƙera ya kan tsira a kufai, sawun mai ɗebo ruwa kuwa iska ta share shi.

Arawa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Da kayan yaƙi kaɗai za a tono a Lugu, wa zai ce mace, Sarauniya Mangu, ita ce ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899? Bakin mutane ne ya adana sunanta.

Hausawa na cewa zato zunubi. Ya kamata malami ya koya wa ɗalibi raba abin da aka gani da abin da aka zata. Ƙungiyoyin al'adu kuma su hanzarta zuwa wurin tsofaffin magina da maƙera, su rubuta wa ke haƙar yumɓu, wa ke gini, wa ke gashi, wa ke kai kasuwa, kuma yaushe rabon ya sauya, domin roba da tukunyar dalma suna korar tulu da tukunyar ƙasa daga gidaje, masu sanin kuwa suna ƙarewa.