Kalmar "Sumoga" da Tarihin Iyakar Bagudo

Duk wanda ya tona tsofaffin jaridun ƙasar nan, irin su Daily Times ta Ikko da New Nigerian ta Kaduna, zai tarar da wata kalmar Ingilishi, wato "smuggling", ba ta cika rabuwa da labaran kan iyaka ba. Ita ce Bahaushe ya ara ya mai da ita "sumoga", ta zauna kafaɗa da kafaɗa da "fasa-ƙwauri". Abin lura shi ne, a ƙasar Bagudo ciniki ya girme wa wannan kalma nesa ba kusa ba.

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ta Illo da ƙasar Bargu. In sun iso Kwara sai su biya masu jirgi ladan ƙetarar da su. Wannan shi ne asalin "kuɗin fito", wanda daga baya ya zama sunan harajin kwastan. A wancan zamani farke mutum ne mai daraja, madugu kuwa sarakuna ke karɓarsa.

A ran 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Paris suka raba Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo ta faɗa hannun Ingila, aka tsayar da iyaka a bakin Kwara mil 10 sama da mashigin Illo. Dandawa da Busawa da Fulanin yankin ba a shawarce su ba. Hanyar da kaka ya bi da jakinsa ita ce jika ya bi, amma yanzu tana da layi a tsakiya.

Daga nan kalmar ta sami wurin zama. Mai rahoto yana birni, labarinsa kuwa daga bakin jami'in kwastan yake fitowa, saboda haka abin da aka kama shi ne labari. Kalma ɗaya ta haɗa mutum uku: attajiri mai lodin motoci daga Kwatano, da ɗan kasuwa mai kai gero Malanbil, da tsohuwa mai ɗauke da manda zuwa sunan jikarta. Laifin na farko ya shafa wa sauran kashin kaji.

Har ila yau, ma'anar kalmar takan bi dokar ranar. Da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, har zuwa 1986, kusan kowane kaya ya shiga ƙarƙashinta. Da aka hana shigo da shinkafa a 1985, buhun da jiya halal ne ya wayi gari haram. Haka aka sake gani a Lolo da Tsamiya daga Agustan 2019.

Ba a musun cewa akwai ɓarna ta gaskiya, musamman ta makamai da ƙwayoyi, wadda tilas hukuma ta tsaya a kanta. Amma ɗalibin da ya ci karo da kalmar a tsohuwar jarida, wajibi ne ya tambayi wane kaya ne, a wace shekara, kuma wace doka ke aiki. Ma'aikacin da aka tura Bagudo shi ma yana bukatar waɗannan tambayoyi kafin ya sa hannu a takardar kamu.