Tarihin Dabarar Gyaran Kuskure, Daga Littafin Haraji Zuwa Memori

A zamanin da, sa'ad da Jangebe da sauran ƙasar Talata Mafara su ke ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, malamin haraji ya kan jera sunayen ƙauyuka a littafi, kowanne da harajinsa da jangalinsa. In ya gama sai ya haɗa jimla a tsaye, ya kuma haɗa a kwance. Ko da tawada ta ɓata lamba guda, ba a rasa ta ba, gama jimla biyu za su ƙi daidai, inda layinsu ya gamu kuwa nan ɓarnar ta ke. Watau jimla ita ce shaidar rubutu.

Irin wannan dabara ce wani masanin lissafi na Amurka, Richard Hamming, ya koya wa inji. Kwamfuta ba ta san kome ba sai alama biyu, sifiri da ɗaya. Injin da ya ke aiki da shi kuwa, in ya gamu da kuskure sai ya watsar da aikin. Cikin 1950 Hamming ya bayyana hanyarsa: a kan kowace alama 4 ta saƙo a ƙara 3 na shaida, in ɗaya cikin 7 ɗin ta juye, injin ya gane ta, ya gyara da kansa.

Cikin 1984 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya fito da wata ma'ajiya wadda ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. Cikin 1987 aka sami irin wadda ake sa wa waya, mutane su na ce mata memori. A cikinta akwai 'yan ɗakuna masu ɗimbin yawa, kowanne ya na riƙe da ɗan ƙarfin lantarki. Amma kamar yadda allo ya ke cinyewa da yawan wanki, haka bangon ɗakunan nan ya ke lalacewa da yawan sharewa da sake rubutu, har lantarkin ya riƙa yoyo, sifiri ya koma ɗaya.

Da fari hanyar Hamming ta isa. Da aka ƙanƙanta ɗakunan, aka kuma cusa alama biyu ko uku a ɗaki guda, sai kuskure ya yi yawa. Sa'an nan aka koma ga hanyar da Hocquenghem ya gano cikin 1959, Bose da Ray-Chaudhuri kuma cikin 1960, daga baya aka ɗauko ta Robert Gallager ta 1962. Waɗannan su na gyara kurakurai da yawa a lokaci guda, shi ya sa memori ke daɗewa bai ci amanar mai shi ba.

To, amma shaida ta na da iyaka. Ranar da ɓarna ta fi ƙarfin lissafi, karatu da hotuna da lissafin bashi duk sun tafi. Saboda haka mai hankali ya kan kwafe abin da ya ke ji da shi ya ajiye a wuri biyu, gama rigakafi ya fi magani.