Sukuwa, Sukwano da Tsere: Sawun Doki a Nahawun Hausa

Dole Kaina gari ne da ke can ƙuryar yamma ta Jihar Kebbi, a bakin Kwara, kusa da Lolo ta ƙasar Bagudo, daidai inda Nijeriya ta yi iyaka da Nijar da Binin. Sunan garin kansa shaida ne na cuɗanyar harsuna, domin "kaina" a Dandanci da Zabarmanci "ƙarami" ke nan. Abin hawan mutanen wurin a yau shi ne jirgin ruwa da babur. Amma duk da haka, in ɗan kabu-kabu ya taho da gudun da ya wuce kima, Bahaushen wurin, kamar na Kano ko na Maraɗi, yana iya cewa "ga shi nan a sukwane", alhali kuwa babu doki a maganar. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan kalma, a ga yadda take aiki a matsayin suna da kuma a matsayin aikatau, da abin da tarihi ya yi wa kowane ɗaya daga cikinsu.

Sai mu fara da nahawu, tun da yake nan ne ake yawan tuntuɓe. In aka ba ɗalibi jimlar "Barde yana sukuwa", aka ce ya nuna aikatau, galibi kan "sukuwa" zai ɗora yatsa. Ba a ga laifinsa ba, gama kalmar aiki take nunawa, kuma ta zauna inda "tafiya" ko "zuwa" suke zama. To amma a juya jimlar zuwa shuɗaɗɗen lokaci. Ba a cewa "Barde ya sukuwa", dole sai an ce "Barde ya yi sukuwa". Ashe "yi" ɗin nan tana nan tun farko, sharewa aka yi, kamar yadda ake share ta a "yana magana" ko "yana barci". Har wa yau kalmar tana da jinsi, tamata ce, tana kuma karɓar mahaɗi: sukuwar salla, sukuwarsa, filin sukuwa. Duk waɗannan halayen suna ne. Saboda haka "sukuwa" suna ce mai nuna aiki, watau 'yar'uwar "magana" da "barci" da "kilisa". Malamin da ya bar ɗalibansa suka kira ta aikatau zai sha wahala ran da ya zo koya musu dalilin da ya sa ake cewa "ya zo" amma ba a cewa "ya magana".

Aikatau ɗin yana nan, sai dai siffarsa dabam ce. Ana cewa "ya sukwana doki", ana cewa "mahaya suka sukwano", ana kuma cewa "ya fita a sukwane". Bisa tsarin rukunonin aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya fitar a 1960, "sukwana" tana rukuni na 1, "sukwano" kuwa tana rukuni na 6, wanda yake nuna an nufo wajen mai magana, kamar "komo" da "kawo". Ita "a sukwane" bayanin hali ce, ƙirarta ɗaya da "a zaune" da "a guje". Cikin ukun nan ta farkon ta yi ƙaranci ƙwarai a bakin mutane, ta biyun an fi gamuwa da ita a labaran yaƙi da na sarauta, ta ukun ce kaɗai kowa yake faɗi kullum.

Wanne ya riga wani, sunan ko aikatau ɗin? A "hau" da "hawa", ko "zame" da "zamiya", babu gardama aikatau ne tushe. A nan kuwa, a ganina, sunan ne ya riga. Saiwar ita ce "sukw-", aka liƙa mata "-an-" domin a sami aikatau, kamar yadda aka liƙa wa "tsoro" ɗafa-ƙeya aka sami "tsorata", ko "sulhu" aka sami "sulhunta". Akwai masu son su danganta "sukuwa" da "suka", wai don mahayi yakan soki doki da ƙaimi kafin ya zabura. Maganar tana da daɗin ji, amma wasalin farko na "suka" dogo ne, na "sukuwa" gajere, kuma rubutun boko ne da ba ya nuna tsawon wasali ya sa suka yi kama a ido. Bai kamata a gina asali a kan kamannin rubutu ba.

To, wace irin sukuwa ce magabata suka sani? Doki a ƙasar Hausa kayan yaƙi ne da sarauta tun da daɗewa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, ya kuma riƙa aika dawaki Kwararrafa. A yammacin ƙasar kuwa, Kanta na Kabi ya raba gari da Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ya kafa daular da ta mallaki wannan yanki na Kwara. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su wuce kamar 20 ba, ga Gobirawa da 'yan lifida, amma masu baka suka rinjayi masu doki. Bayan nan, sa'ad da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a 1849, da Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka bi shi, aka shafe fiye da shekara 50 ana kai hari tsakanin Argungu da Gwandu. A irin wannan zamani sukuwa tana nufin sakar wa doki linzami ya yi iyakar gudunsa, ko don a auka wa abokan gaba, ko don a kai labari, ko don a gai da sarki. Abokiyar tafiyarta ita ce zamiya, watau a ja linzami gaba ɗaya doki ya tsaya cik a kan ƙafafunsa na baya. Wanda ya ga jahi ran hawan salla ya ga su duka biyu: mahaya su sukwano a jere kamar za su bi ta kan sarki, sai sun zo daf da shi su zame, su jinjina. Ba a tambayar wa ya riga wani isowa. Gwanin shi ne wanda ya tsaya inda ya kamata, jerin bai karye ba.

Yankin Illo da Gaya mashigi ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma dawaki suna cikin hajar da ake korawa kudu. Dalilin wannan ciniki a fili yake. Ƙudan tsando yana da yawa a dazuzzukan kudu da bakin koguna, sammore yana kashe doki cikin ɗan lokaci, don haka sarakunan Bargu da na Oyo kullum suna bukatar sababbi daga arewa. Robin Law ya yi bayanin wannan a littafinsa kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 1980. Har gobe mahaya su ne ƙawar bikin Gani da ake yi a Nikki ta ƙasar Binin.

Kada a ɗauka gasa ba ta nan sam kafin zuwan Turawa. A watan Yuni na 1830, Richard Lander da ƙanensa John sun kalli wasan dawaki a Kayama ta ƙasar Bargu ran babbar salla, gaban sarkin garin. Bisa ga labarin da suka bayar, mahaya sun ci ado, dawaki sun sha kwalliya da layu, kowa yana ƙoƙarin ya wuce ɗan'uwansa. Sai dai abu biyu ne ya kamata mu lura da su a labarin: ba a tashi ba sai da dawaki suka gaji, kuma ba a ba wanda ya yi fice kome ba, illa suna da ya yi. Watau akwai rige-rige, amma babu iyakar da aka shata, babu lada.

Waɗannan abubuwa biyu su ne mulkin mallaka ya kawo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta sa iyaka ta ratsa Kwara mil 10 sama da Giris, mashigin Illo, aka raba dangi ɗaya tsakanin tuta biyu. A duka ɓangarorin, hafsoshin Turawa mutane ne masu son doki, kuma a manyan garuruwan da suka zauna sukan share fili, su kewaye shi, su auna tsawonsa, su sa alƙali da agogo da kofi. Da Hausawa suka tashi raɗa wa wannan fili suna, ba su ari kalmar Ingilishi ko ta Faransanci ba, sai suka ce "filin sukuwa". Da wannan suna aka san na Kano har yau. Na Kaduna shi ne ya zama Dandalin Murtala, na Ikko kuwa, inda aka ɗaga tutar Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960, ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Sarakuna ma sun karɓi sababbin wasannin, musamman Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906-1944) da ɗansa Usman Nagogo (1944-1981), waɗanda suka mai da Katsina gidan ƙwallon dawaki. Abin mamaki, wajen taron hawa na Gwamna an ari kalma, aka ce "daba", daga wata kalmar Farisanci da Ingilishi suka ɗauko a Indiya, ko da yake hawan kansa namu ne tun asali. Wajen gasar da take tasu ce kuwa, sai aka ba ta sunan gida.

Daga nan ne hanyar sunan da ta aikatau ɗin suka rabu. Sunan ya sami ma'ana ta biyu: ban da gudun doki, ya zama taro mai rana da wuri da doka. Ana cewa "za a yi sukuwa ran Lahadi", "ya ci sukuwa", "dokin sukuwa ne, ba na hawa ba". Aikatau ɗin bai bi shi can ba. Wanda ya ce "sun sukwano" bai gaya mana ana gasa ba, bai kuma gaya mana wa ya ci ba, gudu kawai ya ba mu labari. Amma kuma shi aikatau ɗin ya sami 'yancin da sunan bai samu ba, domin ya sauka daga kan doki. Mota takan taho a sukwane, yaro yakan shigo gida a sukwane, har mutumin da aka kira shi asibiti cikin dare yakan tafi a sukwane ko da a ƙasa yake. Sunan kuwa yana nan ɗaure a turke, ba a raba shi da dabbar hawa.

Giɓin da ya rage, watau gasar abin da ba doki ba, "tsere" ce ta cike shi, ita kuwa matsalarta ta fi ta "sukuwa" wuyar gani. A rubutu, sunan da aikatau ɗin haruffansu ɗaya ne. "Ana tsere" suna ne, namiji, shi ya sa ake cewa "tseren dawaki". "Ya tsere" aikatau ne na rukuni na 4, danginsa su ne "tsira" da "tserar da". Karin sauti da mazauni a jimla su ne suke rarrabe su a baki, amma boko ba ya rubuta karin sauti. Ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce. In aka ce "doki ya tsere", mai sauraro zai ɗauka ya tsinke igiya ne ya gudu. In ana nufin ya wuce sauran, sai an ce "ya tsere musu" ko "ya tsere wa sa'o'insa". Ɗan ƙaramin "wa" ɗin nan shi ne bambancin dokin da ya ɓata da dokin da ya ci kofi, kuma mai fassara labarin wasanni a rediyo da ya yar da shi ya faɗi abin da bai faru ba.

Na sha ganin ana rubuta "tseren dawaki" a inda dattawa za su ce "sukuwa", kuma ina zaton fassara daga Ingilishi ce take jawo haka, tun da can kalma ɗaya ce take ɗaukar gasar doki da ta mota da ta mutane. Ba kuskure ba ne, amma akwai asara a ciki. "Tsere" ba ta ɗauke da ƙaimi da linzami da zamiya, ba ta kuma iya bayyana jahi, inda ake sukuwa ba tare da ana tsere ba. A bakin Kwara bambancin a sarari yake. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, da kuma Rigata ta Yawuri, masu jirage sukan yi gasar tuƙi, kuma sunan abin da suke yi tsere. Jirgin da ya fi sauri yana iya isowa gaɓa a sukwane, amma in baƙo ya tambayi inda ake sukuwa, filin dawaki za a nuna masa.