Masu ɗura harsashi da hannu sun riga masana'anta

A filayen gasar harbi na Amurka, tsofaffin hannu sun san cewa harsashin magnum a kan teburan mutane aka haife shi, kafin kamfanoni su sa masa suna. Mu masu ɗura harsashin libarba da kanmu, abin da muke tinƙaho da shi ke nan.

Elmer Keith makiyayin shanu ne da ya zauna a jihar Idaho. A shekarun 1920 ya yi ta ƙara wa harsashin .45 Colt albarushi har wata rana libarbar ta tarwatse masa a hannu. Sai ya koma .44 Special, domin ramukan gangar da ke juyawa sun fi ƙanƙanta, ƙarfen da ke tsakaninsu kuwa ya fi kauri. Ya kuma zana kan harsashi na dalma mai faffaɗan baki da kafaɗa mai kaifi, wanda ke huda takarda tsaf kamar an yanka da almakashi. Mazubinsa mai lamba 429421 na kamfanin Lyman har yau ana narka dalma ana zubawa a ciki.

Gwaje-gwajen Keith da na wani mai ɗura harsashi, Phil Sharpe, a kan .38 Special su suka kai kamfanonin Smith & Wesson da Winchester ga fitar da .357 Magnum a 1935. An ƙara wa kwanson tsawon kusan ɗaya bisa takwas na inci, musamman don kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su ɗauki ƙarfinsa ba. Shekara 20 bayan haka kamfanin Remington ya yi wa .44 Special irin wannan ƙari, aka sami .44 Magnum.

Sai dai labarin Keith ya ruɗi mutane da yawa. Suna zaton sana'ar ta cika kwanso maƙil ce. Mai harbin takarda daga yadi 25 ko 50 akasin haka yake yi: ya ɗauki kwanson magnum, ya sa masa ɗuri mai sauƙi, don hannunsa kada ya gaji ko ya fara zabura kafin kunama ta saki. Abin da yake nema shi ne harsashi na hamsin ya fita daidai yadda na farko ya fita. A nan ma akwai tarko. Albarushi mai saurin ci kaɗan ake zubawa, kwanson kuwa dogo ne, sai mutum ya zuba sau biyu bai lura ba. Shi ya sa za ka ga tsoho ya jera kwansuna a faranti, ya haska tocila yana leƙa su ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗora dalma.

Cikakken ƙarfi ya sami gurbinsa a gasa ne da aka kafa ƙungiyar IHMSA a 1976 don harbin siffofin ƙarfe, wasan da ya samo asali daga Meziko. Ana jera siffofin ƙarfe: kaji a mita 50, aladu a 100, talotalo a 150, raguna a 200. Taɓa ragon bai wadatar ba, sai ya faɗi. Wannan ya tura mu ga kan harsashi mai nauyi da albarushi mai jinkirin ci, da kuma matse bakin kwanso sosai, domin turin bindiga yakan zaro dalmar sauran harsasan har gangar ta cije. Zumuɗin ya wuce gona da iri a 1983, lokacin da kamfanonin Ruger da Remington suka fito da .357 Maximum. Wutar da ke fita tsakanin ganga da bututu ta riƙa cin ƙarfen saman bindigar, musamman da harsashi maras nauyi, sai Ruger ya dakatar da ƙera ta.

Zamanin Keith da ido masu ɗuri a gida suke kintatar matsi: a duba gindin kwanso, a ji ko ya yi wuyar fita. Da aka sami na'urorin awo na lantarki, sai aka gano wasu tsofaffin ɗure-ɗuren sun haura iyaka, littattafan ɗuri suka rage alƙalumansu. Har yanzu akwai masu gunaguni, suna cewa tsoron lauyoyi ne. Ni dai na fi gaskata na'ura.

Dalmar ma ta canja. Da can a wurin masu gyaran taya muke tsintar ƙarafan dalma na daidaita ƙafar mota mu narka. Yanzu yawancinsu na zinki ne ko baƙin ƙarfe, kuma zinki kaɗan ya narke a tukunya sai ya ɓata zubin gaba ɗaya.