Tarihin Fafutukar Dokokin Kare Mata a Unguwannin Zango na Accra

Fafutukar dokokin kare mata a unguwannin zango na Accra, birnin da Hausawan can ke kira Ankara, reshe ne na gwagwarmayar da matan Gana suka daɗe suna yi don a rubuta musu haƙƙinsu na aure da gado da kariya daga duka da wakilci a majalisa. Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama matattara ce ta Musulmi 'yan ƙabilu iri-iri, Hausawa da Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani, kuma Hausa ce harshen kasuwa da wa'azi. Abin da ya raba tarihinsu da na sauran ƙasar shi ne macen zango tana zaune ne tsakanin hukunci biyu. Na malamai ana jin sa, amma ba shi da kotu ko ɗan sanda. Na gwamnati yana da duka biyun, sai dai sau da yawa bai ma san da aurenta ba.

Tushen matsalar tsohuwar doka ce ta 1907, wadda Turawan Ingila suka kafa kan auren Musulmi, kuma har yanzu tana cikin kundin dokokin aure na ƙasar. Ta ce ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisin gwamnati su je gaban magatakarda cikin mako guda da ɗaura aure su yi rajista. In mako ya wuce, sai an nemi izinin Babbar Kotu. Wanda ya san ɗaurin aure a Nima ya san yadda wannan sharaɗi yake nesa da rayuwa: a kafa rumfuna a tare layi, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da alewa, mata su shiga hidimar kai amarya, ba mai tuna wani ofishi. Limamai masu lasisi kaɗan ne, jama'a da yawa ba su taɓa jin dokar ba. Ranar da miji ya rasu ko ya yi saki, sai matar ta tarar auren da dubban mutane suka shaida ba shi da takarda, kotu kuwa iyakarta ta lissafa shi cikin auren gargajiya idan an kawo hujja.

A 1985 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta kafa dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda aka fi sani da lambarta, 111. Kukan matan ƙabilar Akan ne ya fi haifar da ita, domin a al'adarsu dukiyar namiji ta dangin uwarsa ce, matarsa da 'ya'yansa a kore su. Amma dokar ta hau kan kowa, har Musulmi. Ta ba mata da 'ya'ya gida da kayan cikinsa, a ragowar dukiya kuma mata ta ɗauki kashi 3 cikin 16, 'ya'ya kashi 9 cikin 16, ba bambanci tsakanin namiji da mace. Malaman zango da dama suka ƙi ta, hujjarsu kuwa ba ta raini ba ce: Alƙur'ani ya riga ya yanke wa mata tumuni idan akwai 'ya'ya, ya yanke wa 'ya mace rabonta, don me za a kawo wani ma'auni? Amsar tana cikin gidajen haya na Maamobi, inda gida ɗaya mai ɗakuna goma sha yake ci da iyali guda. Ana iya barin gado shekara da shekaru ba a raba ba, babban ɗa ko ƙanen mamaci yana karɓar kuɗin haya, mai takaba ta gama kwanakinta ko tumunin ba ta gani ba. Malami zai yi nasiha, amma ba zai iya tilasta kowa ba. Wanda kuma yake son a raba dukiyarsa bisa shari'a, dokar wasiyya ta 1971 ta buɗe masa ƙofa, ya rubuta hakan tun yana raye.

Da aka koma mulkin farar hula, kundin tsarin mulki na 1992 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, sashe na 22 kuma ya umarci majalisa ta yi dokar dukiyar ma'aurata ba da ɓata lokaci ba. Cikin shekarun nan ne ƙungiyoyin mata Musulmi suka haɗu a inuwar FOMWAG, bisa samfurin takwararta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. Salonsu shi ne kafa hujja da aya da hadisi kan karatun 'ya mace da haramcin auren dole, abin da ya sa maza suka kasa kiran su 'yan koren Turawa. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Wasu matasan lauyoyi, cikinsu har da Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, sun kafa cibiyar Legal Resources Centre, suka riƙa aiki da mutanen Nima da Maamobi kan haƙƙinsu.

Gwaji mafi zafi shi ne dokar hana cin zarafi a cikin gida. Kisan gillar da aka yi ta yi wa mata a Accra a ƙarshen shekarun 1990 ya fitar da mata kan titi, a 2003 kuma aka kafa gamayyar ƙungiyoyi don matsa wa majalisa. Rigimar ta tsaya kan batun miji ya tilasta wa matarsa kwanciya, inda shugabannin addini na coci da masallaci da sarakuna suka ce ana so a rusa gidaje. Sai da aka sassauta wannan sashe kafin majalisa ta amince a 2007, lokacin da Hajiya Alima Mahama, Musulma 'yar arewacin ƙasar, take ministar mata da yara. Dokar ta lissafa duka da zagi da hana abin masarufi cikin laifi, ta ba kotu ikon hana mai laifi kusantar wadda ya zalunta. Ƙa'idojin aiwatar da ita ba su fito ba sai 2016.

Akwai masu cewa duk wannan aikin 'yan boko ne masu ofis da kuɗin ƙasashen waje, mai sayar da koko da ƙosai a Nima ba a tambaye ta ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don da Turanci aka rubuta Kundin Buƙatun Matan Gana na 2004, kuma har gobe matar da ta kai mijinta ofishin 'yan sanda ana cewa ta tona asirin gida. Sai dai amfanin doka a zango bai tsaya ga yawan ƙarar da aka shigar ba. Idan magajiya ko limami ko sarkin zango suka zauna sulhu, kowa a zauren ya san akwai inda matar za ta wuce in an danne ta, wannan sanin kuwa yana sauya yadda ake yanke magana.

Dokar filaye ta 2020 ta hana miji ko mata sayar da filin da aka samu cikin aure ba da yardar ɗayan ba. A Yulin 2024 majalisa ta amince da dokar ƙara wa mata gurabe a muƙaman gwamnati, bayan zaɓen 2020 ya kai mata 40 kacal cikin kujeru 275. Waɗannan ci gaba ne, amma mai fili da mai neman kujera suka fi taɓawa. Ga yawancin matan Nima da Maamobi, abin da ya fi gaggawa shi ne a sauya dokar 1907 da wadda za ta sa takardar limamin unguwa ta zama shaidar aure a gaban alƙali, kuma majalisa ta cika umarnin sashe na 22 da ke jiranta tun 1992.